Ƙofar Dauda Mai Kallon Zango

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanena Dauda makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa yana cikin sanyi. Ni ban taɓa shiga aji ba, shi ya sa na ba da aka rubuta mini wannan, na kuma sa mutum biyu daban suka karanta mini, don kada a saka mini a baki abin da ban faɗa ba.

Wanda bai san Dauda ba ya san gininsa. Shi ya zana gidan kimiyya da halittu da ke bakin unguwarmu ta Zango, ta hanyar da motocin haya na trotro ke bi zuwa unguwar Oforikrom, inda 'yan makaranta ke zuwa kallon ƙasusuwan dabbobi da duwatsu da ƙwari a cikin gilashi. Bangonsa na jar ƙasa ne mai kauri, rufinsa kuma yana tara ruwan sama ya zuba shi a wani kwarmi a tsakar gida. Ranar da ya fara nuna mini zanen ban yarda ba. Na ce, "Duk karatun nan naka, da laka za ka yi wa mutane gini? Wa ya ba ka shawarar, kuma me zai ci a ciki?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, Inna ce. Ɗakin goronta nake sake ginawa, girma kawai na ƙara masa."

Mahaifiyarmu goro take sayarwa. Ɗakin da take jera huhuna yana da kafa ɗaya a ƙasa ta gefen inuwa, wata a sama kusa da rufi. Ko rana na ƙuna, in ka shiga sai jikinka ya huce, goro kuma ba ya yaushi. Haka Dauda ya tsara nasa. Ya yi babbar ƙofa mai kallon titi, inda ake yankar tikiti, sannan ya yi zaure mai kallon Zango, bai sa masa ƙyaure ba. Ta nan iska ke shiga, ta bi ta kan ruwa, ta ratsa ɗakuna, ta fice ta sama. Ya ce zauren na kowa ne, kamar na gidan ubanmu.

Mu kuwa a Zango, in aka ce zaure na kowa ne, da gaske muke ɗauka. Masu dako suka mai da shi wurin barcin rana. Tsofaffi suka kawo tabarminsu da butoci. Gab da wata Babbar Sallah wani dillali ya ɗaure raguna a ginshiƙi, ɗaya ya tsinke ya shige ciki ya cinye shuke-shuken da aka sha wahala aka kawo daga kurmi. Ba zan ɓoye ba, namu ne suka yi. Lokacin ciwo ya fara cin Dauda. Da aka gaya masa, cewa ya yi, "A kafa ɗan shinge iya ƙugu. Rago ne, ba ɓarawo ba."

Ba a kafa ba. Yana rasuwa masu kula da gidan suka sa ƙyauren ƙarfe, wai na ɗan lokaci ne. Tagata wurin take kallo, babu abin da ya wuce ni. Bayan ƙyaure aka lulluɓe shi da kwano. Bayan kwano masu shara suka fara cewa ciki ya koma tanda. Sai ga mota ta sauke na'urorin sanyaya ɗaki, sai janareta mai hana mu jin kiran sallah. Gidan da aka yi ta yabo cewa ba ya shan wuta, yau ya fi masu niƙa hayaƙi.

Satin da ya wuce maza biyu daga masu kula da gidan suka zo mini da lemo da yadi, suna ta rusunawa. Babban ya kira ni uwa da yarensu, ya ce, "Maame, muna so mu girmama ɗan'uwanki. Za mu kafa allon dutse da sunansa, ke za ki yaye mayafin, liman ya yi addu'a."

Na ce, "A ina?"

"A wurin da ya fi so."

"Ya so wurare da yawa. A ina?"

Suka kalli juna. "A zauren baya."

"Mu ne bayan ke nan? To, a gefen ƙofar ko a kanta?"

Ƙaramin ya ce ɗan bango ne kawai za a tayar, don allon ya zauna daidai.

Mai yiwuwa zuciyarsu ɗaya. Amma wani a cikinsu ya san mu sarai. Ƙyaure ana buɗe shi, kwano ana ɓamɓare shi. Bangon da ke ɗauke da sunan mamaci, wanda yayarsa ta tsaya a kai, liman ya shafa fatiha, babu ɗan Zangon da zai taɓa buɗe baki ya ce a rushe. Da sunan Dauda suke so su toshe ƙofar Dauda, da hannuna kuma.

Ina ta tunanin me zai ce da yana nan. Na san ba zai yi faɗa ba. Zai ja su ya zaunar a zauren, ya bar iska ta yi musu bayani. Shi haka yake, kowa mutumin kirki ne a wurinsa. Ni kuwa tun muna yara aikina shi ne in tsaya bayansa ina kallon hannun mutane.

Na mayar musu da yadinsu. Na ce su cire kwanon, su kafa shingen da Dauda ya faɗa, ni zan ji da dillalai da ragunansu. In sun yi haka su liƙa allon a gefe, ko su bar shi, mun san sunansa.

Bai bar ɗa ba, bai bar gida nasa na kansa ba. Abin da ya rage nasa shi ne iskar nan, wadda har yanzu duk la'asar take zuwa ta bugi kwanon tana neman hanya. Mutanen ba su dawo ba, amma jiya na ga an sauke bulo da yashi. Yau da safe na ɗauki kujerata na kafa ta a bakin ƙofar. A nan zan yi masa addu'ar bana, kuma duk magini da ya zo, sai ya fara cewa in tashi.