Ƙafar Baba, Hannun Auta

Auta ake ce masa har yau, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu. Mai aski ne, shekara goma sha tara yana tsaye a bayan kujera ɗaya, a wani shago mai madubi biyu kusa da tashar mota. Duk unguwar an san shi da sauƙin hannu.

Da aka yi wa mahaifinsu tiyata a mara, ƙafarsa ta hagu ta kumbura ta koma kamar turmi, fatar ta bushe tana saɓa. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ruwan jiki ne ya rasa hanyar komawa. Ta ba su safa mai matsewa, ta nuna musu yadda ake shafa ƙafar daga ƙasa zuwa sama. Babbar yayarsu kuwa, wadda ba ta rabo da waya, ta ga bidiyon da ake goge jiki da busasshen burushi, ba ruwa ba mai. Washegari sai ga ta da burushi mai marikin katako.

Ita ta fara gwadawa. Baba ya ƙwala ihu.

"Ke! Tukunya kike kankarewa?"

Auta ya taɓa gashin burushin, ya ce ya yi kaushi. Ya ciro nasa mai laushi, wanda yake kakkaɓe gashi da shi a wuyan mutane. Ya fara daga idon sawu, a hankali, yana hawa zuwa gwiwa. Baba ya lumshe ido.

"Yauwa. Daga yau kar wani ya ƙara taɓa ni sai wannan."

Kowa ya yi dariya, har da Auta. Ma'aikaciyar asibiti ma da aka tambaye ta cewa ta yi, in dai babu rauni a fatar ba laifi, amma kada a bar sa safa.

Da farko minti ashirin ne da safe. Sai Baba ya ce da yamma ma ƙafar tana nauyi. Sai ya ce ba zai taka ƙasa ba sai an goge. Auta ya koma buɗe shago ƙarfe goma sha ɗaya, masu askin safe suka koma wurin maƙwabcinsa.

Wata rana ya gwada ƙafar da awon tela, ya ce, "Baba, ni fa ban ga kumburin ya ragu ba."

"Kai ne a cikin ƙafar ko ni?"

A shekara ta biyu wani tsohon abokin aikinsa ya kira shi. Zai buɗe babban shago a wani gari, kujera takwas, yana son Auta ya shugabanci masu askin. Auta ya roƙi a ba shi wata guda. Kullum yana riƙe hannun yayarsa yana koya mata, har ta iya sarai. Ranar da ya tafi duba wurin, Baba ya juya fuskarsa ga bango.

Kwanansa biyu yaya ta kira.

"Ya ƙi cin abinci, ya ƙi sa safa. Ƙafar ta yi ja. Auta, ka rufa mana asiri."

Ya hau mota ya dawo. Baba ya dube shi daga kan gado.

"Ka dawo?"

"Na dawo, Baba."

"To, ɗauko."

Abokin ya jira sati uku, ya ɗauki wani. Auta ya saki shagon tasha, ya kwaso kujera da madubi ɗaya ya kafa a garejin gidan Baba, inda zai riƙa jin kira. Yanzu masu zuwa tsofaffin unguwa ne, kuma sun saba ya bar su da rabin kai a aske ya shiga ciki ya fito.

Shekara huɗu ke nan. 'Yan'uwansa suna zuwa ƙarshen mako, su sa masa albarka, su ce ladansa na wurin Allah, su shiga motocinsu su tafi.

Kwanan baya matarsa ta tarar da shi zaune a kan kujerar askin yana murza wuyan hannunsa.

"Sai yaushe ke nan, Baban yara?"

"Kin san abin da 'yaushe' ke nufi," in ji shi. "Ni ba zan roƙa wa Baba wannan ba."

Ta ɗauki tsintsiya ta share gashin da ke ƙasa.