Yawon Arba'in Zuwa Gwallameji

Ni mutumin Inkil ne, a gefen garin Bauchi. Kakannina da shanu suka zo, mahaifina ya zauna ya kama noma, ni kuma na tashi ina noma ina kiwon 'yan tumaki a bayan gida. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa wannan labari ya daɗe a cikina kafin ya hau takarda.

Mun jima da aure ni da maiɗakina ba mu ga haihuwa ba. Har dangi sun daina tambaya. Sai Allah ya kawo namiji, aka sa masa sunan mahaifina marigayi. A gidanmu ɗan fari ba na ubansa ba ne. Uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya kiran sunansa, ba ya cewa ɗana. In an tambaye shi sai ya ce na tsohuwa ne, wato kakar yaron. Haka mahaifina ya yi da yayana har ya koma ga Allah, ni ma haka na tarar na kama. A ɗaka, in ba kowa, ina ɗaukarsa in yi ta kallon yatsunsa. A waje kuwa ko inda yake ba na duba.

Da maiɗakina ta yi arba'in sai maganar fita gaida dangi ta taso. Yayarta da ta riƙe ta tun rasuwar uwarsu tana Gwallameji, can ɗaya gefen gari. Tsohuwata ce ya kamata ta raka ta, amma gwiwa ta hana ta motsi, ita kuma maiɗakina ba ta san cikin Bauchi ba. Dole ni na tashi. Tsohuwa ta miƙo mini jakar kayan yaro ta ce, "Kai dai wannan ce taka. Ka riƙe ta da kyau."

Muka hau keke napep da hantsi. Ni na zauna gaba kusa da direba, ita tana baya a takure, gefenta maza biyu da buhun yakuwa. Tun kafin mu shiga gari yaron ya fara kuka. Ta yi ta ƙoƙarin ba shi nono a ƙarƙashin hijabi, amma ga matsi, ga ramuka a hanya, ga idon maza. Da ya kama sai keken ya yi tsalle ya saki. Can kuma sai cikinsa ya ɓarke. Famfas ɗin bai riƙe ba, ya ɓata zanen goyo, ya ɓata zanenta, har gefen hijabi.

Direba ya waiga yana dariya. "Malam, wannan ƙaramin fasinjan naku ya sauke kaya tun ba mu kai tasha ba!"

Mazan baya suka yi dariya su ma. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, na ga kamar ta nutse.

Muka sauka a bakin kasuwa, inda ake canjin keke zuwa Gwallameji. Nan muka fara neman wurin da mace za ta zauna da jariri. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Shaguna duk maza ne a ciki. Wurin alwala na masallaci maza sun cika shi. Muka tsallaka gidan mai, aka ce banɗakin a kulle yake, mai makulli ya fita. Muka shiga wani kemis, mai shi ya duba zanenta ya ce ba wuri. Yaron kuma bai fasa kuka ba, rana tana ta ɗagowa. Daga ƙarshe wani mai rake ya nuna mana banɗakin haya a bayan rumfunan masu kifi.

Ta shiga ɓangaren mata, ba ta jima ba ta fito.

"Malam, ba inda zan kwantar da shi. Ƙasa duk ruwa, ga santsi, ga layi. Riƙe mini shi in ɗauraye zanen nan, in na fito mu san abin yi."

Ta kwance shi ta ɗora mini a hannu ta koma. Ban taɓa riƙe shi a fili ba sai ran nan.

Wurin ba inuwa. Ga warin kifi da na kwata, ga hayaƙin acaɓa, ga ƙudaje suna sauka masa a baki. Kukansa ya canza. Da yana fitowa da ƙarfi, sai ya koma yana buɗe baki ba sauti, fuskar ta yi duhu, sannan ya ja numfashi ya sake. Na taɓa ganin ɗan rago ya yi haka a rana, bai kai yamma ba. Na hango wani lungu a tsallaken hanya, da bishiyar darbejiya da dakali a gindinta. Na ce a raina nan da can ne, in ta fito zan hango ta. Na yi wa mai tsaron banɗakin magana, amma yana ta cacar baki da wani, ban san ko ya ji ba. Na sayi ruwan leda, na tsallaka.

Da na isa sai na ga daga dakalin ba a hango ƙofar banɗakin, wata rumfa ta tare. Amma akwai sanyi. Na shimfiɗa hiramina, na kwantar da shi, na tuɓe masa riga. Ƙazantar ta kai masa har baya, fatar cinyarsa ta yi ja. Na ce bari in cire masa abin nan in wanke shi, ko ya samu sauƙi. To ban san yadda ake buɗe famfas ba. Ashe wani ɗan kunne ne ake ɓallewa a gefe, ni ban sani ba. Na ja, ya ƙi. Na juya shi, ya ƙi. Ina da 'yar wuƙa a aljihu da nake yanke igiyar tumaki da ita. Na zaro ta, na sa yatsana tsakanin fatarsa da ledar don kada ta taɓa shi, na fara yanka a hankali.

"Innalillahi! Jama'a! Jama'a ku zo!"

Wata mata ce a ƙofar gidan da ke kallon dakalin, ta saki bokitin da ke hannunta. Na ɗago kai ban gane da wa take ba. Sai da na ga inda take nunawa: hannuna, da wuƙa, da jariri tsirara yana kuka. A 'yan kwanakin kuwa ko'ina ka zauna maganar masu satar yara ake yi, har a Inkil mun ji.

Ban san daga ina mutane suka fito ba. Kafin in miƙe an riƙe mini hannu ta baya, an fizge wuƙar. Wata tsohuwa ta fito daga gidan ta ɗauke yaron ta rungume. Wani ƙaton saurayi mai rigar ƙwallo ya tsaya a gabana, fuskarsa dab da tawa.

"Kai, me kake yi da yaron nan?"

"Wanke shi zan yi."

"Da wuƙa ake wanki a garinku? Ɗanka ne?"

Bakina ne ya amsa, ba ni ba. Abin da na saba faɗa tun ranar suna shi ya fito.

"Na tsohuwa ne."

"Wace tsohuwa? Ba naka ba ne ke nan?"

Bai jira ba, ya sake jefo wata tambayar.

"Ya sunansa?"

Sunan yana kan harshena. Sunan mahaifina ne, wanda ban taɓa furtawa ba tun ina yaro. Na buɗe baki, ya ƙi fita. Na ce, "Baffa muke ce masa."

"Kun ji ko? Ko sunan yaron bai sani ba!"

Mari ya sauka mini ta gefe, hulata ta faɗi. Na ce uwarsa tana banɗaki, ga shi can, a je a kira ta. Hayaniya ta rufe muryata. Wani dattijon tela ya fito daga shagonsa da tef a wuya, ya shiga tsakani yana cewa, "Ku dakata, ku ji ta bakinsa mana, ku dakata." Har na fara samun numfashi. Sai ga wani ɗan acaɓa ya shigo lungun da gudu.

"Ga wata mata can bakin kasuwa tana ihu an tafi mata da ɗa! Yanzun nan!"

Shi ke nan. Na ji duka ta ko'ina. Na faɗi a gwiwa, na rufe kaina da hannu. Ina ganin ƙafafu ne kawai, silifas da takalman roba, da wani hannu yana ɗaukar rabin bulo daga bakin kwata. Na ji wani daga baya yana cewa a nemo taya. Na fara kalmar shahada. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, in aka kashe ni a nan, wa zai mai da su gida? Ita ko hanyar tasha ba ta sani ba.

Telan nan ya tsaya a kaina, ya ware hannuwa. "Wallahi ba wanda zai ƙara taɓa shi sai uwar ta zo! Ku ji tsoron Allah! In shi ne, ai ba inda za shi."

Ta tsakanin ƙafafu na hango ta. Mata biyu sun riƙo ta, zanenta jiƙe yana ɗiga, ƙafa ɗaya ba takalmi. Idonta bai ga kowa ba sai yaron. Ta fizge shi daga hannun tsohuwar ta manna a ƙirji tana kuka. Mutane suka ɗauki kabbara. "Nata ne! Ta gane shi!" Tsohuwar ta kama kafaɗarta tana jan ta zuwa zaure, tana cewa, "Shigo 'yata, shigo ki ba shi nono, kar ki kalli wannan azzalumin."

Ni ina ƙasa, mutane sun zagaye ni, ba ta gan ni ba. Ina kallon bayanta tana nufar ƙofa. Na san in ta shige zauren nan, kafin ta tuna ta tambayi ina mijinta, an gama da ni.

Na tattara abin da ya rage mini na ƙarfi, na ɗaga kai.

"Ɗana ne! Wallahi ɗana ne, ni na haife shi! Matata ce!"

Ta tsaya cak da ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa. Ta juyo. Ta ture matan da ke gefenta, ta kutso cikin maza da yaron a hannu, ita da ko a keke ba ta iya ɗaga ido.

"Wayyo Allah, Malam! Mijina ne! Uban yaron ne! Ku sake shi! Ni na ba shi ya riƙe mini!"

Na ji rabin bulon ya faɗi ƙasa.

Mai rigar ƙwallon ya ja da baya. "To don Allah Baba, me ya sa ka ce ba naka ba ne?"

Na tofar da jinin da ya cika mini baki. Tsohuwar ce ta matso ta leƙa fuskata.

"Ɗan fari ne?"

Na gyaɗa kai.

"Kuma mai sunan babanka?"

Na sake gyaɗawa.

Ta tafa hannu. "Kai, Fulani! Ana shirin ƙona ka kana kunya? Ke kuma, da kika ga abin ya ɓaci, me ya kai ki banɗakin haya? Gidaje nawa kika wuce? Mace da goyo ai kowace ƙofa tata ce, sallama kawai za ki yi. Wuce ciki. Ku kuma ku watse, marasa aikin yi!"

Suka fara zamewa ɗai-ɗai, ba mai kallon wani. Wani ya kaɗe mini hula ya ajiye a gefena. Wani ya ce, "Yi haƙuri Baba, zamanin ne ya lalace." Na ce ba komai. Wuƙar dai ban sake ganinta ba, ban kuma tambaya ba.

Telan ya zaunar da ni a kan dakalin, ya aika jakar cikin gida, ya kawo mini ruwa a kofi. Rabin ruwan a rigata ya ƙare. Daga ciki ina jin tsohuwar tana kiran a kawo ruwan ɗumi da baho, tana faɗa wa wata ta ɗauko tabarma. Yaron yana ta kuka, yana ta kuka, sai kuma ya ɗauke gaba ɗaya. Na zabura zan miƙe. Telan ya danna kafaɗata.

"Zauna. Nono ya kama."

Na zauna, amma kunnena yana kan ƙofar. Aka kira azahar, na yi alwala da leɓe a kumbure, muka yi salla da wasu daga cikin waɗanda suka dake ni. Wanda ya tsaya a damana bai ɗaga kai ba har aka yi sallama.

Ta fito da zanen aro da silifas ɗin aro, yaron a bayanta an yi masa wanka an shafa masa hoda, yana barci da baki a buɗe. Ta dubi leɓena, idonta ya kawo ruwa.

"Malam, mu koma gida kawai."

Na ce, "Yaya tana jiranki. Mu ƙarasa."

Telan ya raka mu har bakin titi, ya tsayar mana da keke mu kaɗai, ya ce wa direban, "Gwallameji, kuma kar ka ɗauki kowa a hanya." Wannan karon ban zauna gaba ba. Na shiga baya kusa da ita, ta kwanto shi ta ɗora a cinya, ƙafarsa ɗaya tana taɓa gwiwata. Ban janye gwiwar ba har muka wuce shataletale.