Hannun da Tafireta Ta Cinye

Shekara ashirin da uku na yi ina buga tafireta a wani ofis a Dapaong. Ban san ta cinye mini hannuwa ba sai da na koma kan fiyano.

Ina 'yar shekara goma na fara koyon fiyano a Sokodé, wurin wani malamin makarantar mishan da muke kira Metir. Babana mahauci ne a Zango, bai so ba, bai kuma hana ba. Aure da aiki suka raba ni da abin. Bana 'yar Metir ta kira ni, ta ce kunnensa na tafiya, kafin damina ta wuce ba zai ƙara jin komai ba, kuma yana so ya ji kiɗana sau ɗaya.

Na aro ƙaramin fiyanon lantarki, kullum bayan la'asar ina kai. Yatsuna duka suke yi, ba taɓawa ba, kamar mai sussukar gero. Hannun hagu kuwa ya fi ba ni haushi. Da na kai ƙarshen layi a takardar kiɗa, sai ya tashi da kansa neman sandar da ake turawa a tafireta don komawa sabon layi, kiɗan ya yanke. Na ɗaura masa ƙullin gishiri don ya yi nauyi, na zage shi tas. Ran nan na kifa kai na yi ta kuka. Wata biyu sun wuce, ko layi uku ban haɗa ba.

Haka na hau mota zuwa Sokodé. Na same shi a unguwar Komah, duk ya rame, ya jingina kunne da katakon tsohon fiyanonsa.

Na fara. Ƙarshen layin farko hannun ya tashi. Na ce, "Metir, ka yafe mini, na ɓata hannun da ka gyara."

Bai ji ni ba. Ya ɗora tafinsa a bayan hannuna kamar yadda yake yi ina yarinya, ya ce in sake. Kowane ƙarshen layi hannun na zillo, shi yana dannewa, har muka kai ƙarshe.

Ya ɗago kai, ya yi magana da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

"'Yata, kowa ya buga ba na ji. Wannan duka naka na ji shi. Kada ka gyara."