Tafiyar da Na Ƙaga wa Ƙanena

A shekarar da aka rufe ƙanena a kaso, aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Ina zaune a Vénissieux, gefen garin Lyon a ƙasar Faransa, hawa na tara, cikin dogayen benayen Minguettes. Kullum da safe in hau tiram, in shiga metro, in sauka cikin garin Lyon in bi gida-gida: wanka, canza zanen gado, dafa miya marar gishiri, jera ƙwayoyin magani. Cikin tsofaffina akwai wata da nake zuwa gidanta sau huɗu a mako, ƴar ƙasar Ostiraliya, wadda aure ya kawo Lyon tun tana da ƙuruciya. Mijin ya rasu, ba ta haihu ba. Faransancinta har ta tsufa bai miƙe ba, nawa ma haka, shi ya sa muke fahimtar juna fiye da yadda take fahimtar likitanta.

Ƙanen nan nawa, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na kawo shi daga Damagaram. Ya yi shekaru yana aiki a shagon wani Alhaji mutumin Maraɗi a Vaulx-en-Velin, inda muke sayen shinkafa da manja da busasshen kifi. Yana sauke kaya, yana jerawa, Alhaji yana yabonsa. Kwatsam ya ce wai Lyon ta yi masa kaɗan, ya tattara ya tafi Paris. Can a Porte de la Chapelle ya fara da sigarin bayan fage, daga nan ya koma sayar da wayoyin da ya san sarai ba daga shago suka fito ba. Kamun farko aka ja masa kunne aka sake shi. A na biyu ya ture ɗan sanda, mutumin ya faɗi ya karye a hannu. Aka yanke masa zaman kaso, aka kuma ce kafin ya fito za a zauna a duba ko a bar shi a ƙasar ko a mayar da shi Nijar.

Ranar da na ji, ban yi kuka ba, zagi na yi ta yi ni kaɗai a kicin. Kwana uku bayan haka na je suna a gidan wata ƴar Cadi. Muna cin abinci wata Hajiya ta ce, “Ina ƙanenki, an kwana biyu ba a jin ɗuriyarsa?” Wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya ce, “Ya yi tafiya gida, harkar kaya.” Aka ce Allah ya dawo da shi lafiya, na ce amin. A wajenmu ba a buɗe baki a ce ɗan gida yana kaso. Ya yi tafiya ake cewa, wanda ya ji kuma ba ya ƙara tambaya. Haka na taso na gani, haka kuma na yi.

A cikin makonnin nan ne wata katuwar ambulan ta zo wa tsohuwata daga Ostiraliya. Ɗan ƴar'uwarta ne ya bi tsofaffin takardun gwamnati ya ɗauko mata hotonsu. Idonta ya yi rauni, ni kuma ba na jin Ingilishi, sai muka raba aiki: ni in riƙe mata gilashin ƙara girman rubutu, ita ta karanta ta juya mini da Faransanci. Ta sa yatsa a kan wani layi ta ce, “Wannan kakar kakata ce.”

Ƴar aiki ce a wani gida a Ingila. Ta ɗauki yadi ɗaya na uwar ɗakinta ta kai kasuwa. Alƙali ya yanke mata shekara bakwai a Ostiraliya, wancan ƙarshen duniya. An rubuta tsawonta, launin idonta, da tabon ƙuna a babban yatsanta na hagu, kamar yadda ake kwatanta akuyar da ta ɓata.

Na ce, “Haba Madam! Saboda yadi?”

Ta ce, “Saboda yadi. Matso da gilashin ƙasa ki ji na sauran.”

Muka bi shafin, jerin fursunonin da aka kai tare da ita ne. Wani hankici ya zare daga aljihun mutum. Wani tunkiya ya kora daga garken da ba nasa ba. Wata mata kuɗin jabu aka kama ta da su. Akwai kuma wanda ya tare hanya ya fasa wa matafiyi kai, da wanda ya haura gida da makami. Tsohuwar ba ta wanke su duka ba. Ta ce wasunsu yunwa ce ta tura su, wasunsu kuwa ko ita ba za ta so ta haɗu da su a lungu ba. Ta ba ni labarin yadda kason Ingila ya cika har suka riƙa zuba maza cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka ɗaure a bakin kogi, da yadda ake watanni a teku, da yadda in an isa ake raba su ga gonaki da gidajen masu hali su yi aiki. In wa'adin mutum ya cika an sake shi, amma ba mai mayar da shi gida. Yawanci can suke mutuwa. Ita yarinyar ta bar uwa a Ingila, uwar da ba ta iya karatu ba balle a ce an yi wasiƙa.

Na yi tsaki na ce mutanen nan ba su da imani. Ta yi dariya ta ce in jira in ji na danginta. A gidansu, in ji ta, an tashe su a kan cewa matar nan mai ɗinki ce da ta zo da ƙafarta neman arziki. Tana ƴar shekara goma ta ji wata magana a makaranta, ta tambayi uwarta a wajen cin abinci ko akwai ɗan kaso a danginsu. Uwar ta kwaɗa mata mari ta ce kada ta sake. Ta ce mini, “Uwata ta sani, kakata ta sani. Ko sunanta ba a faɗa a gidanmu.”

Ni ba wawiya ba ce, na gane inda maganar ta taɓa ni. Amma a raina cewa na yi, su Turawa ne, yau su ɓoye gobe su buga a littafi, ba su san kunya irin tamu ba. Na ajiye gilashin na tafi na duba miya.

Ba a jima ba avoka ta kira ni, wato lauyar da aka ba ƙanena. Mace ce mai saurin magana. Ta ce abin da zai iya tsayar da korar shi ne a nuna yana da mutane a ƙasar. Tana son wasiƙu daga waɗanda suka san shi, kowa ya rubuta da hannunsa, ya sa hannu, ya haɗa da hoton katinsa. Abin da ya fi komai nauyi kuma, in ji ta, takarda daga mai shago ko kamfani cewa in ya fito akwai aiki yana jiransa. Ta faɗa mini ranar zaman, saura wata ɗaya da ƴan kwanaki.

Na hau jirgin ƙasa na je Paris, daga can na shiga bas zuwa kason. Na same shi ya rame, an aske masa kai. Bayan gaisuwa ya ce, “Yaya, ki je wajen Alhaji. Ya san aikina, ba zai ƙi ba.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Kai ka yi abin kunyarka, ni kuma in ɗauki ƙafa in je in tona mana asiri a tsakiyar shago? Ka san bakin mutanenmu. Kafin azahar labarin ya isa Damagaram, ya isa kunnen Inna.”

Ya sunkuyar da kai. Da lokaci ya cika na ce masa zan gani.

Kuma na je shagon, sau biyu ma. Duk zuwa Alhaji ya taso daga bayan kanta, mu yi doguwar gaisuwa, ina gida, ina aiki, ina sanyi, sannan ya ce, “Ina labarin matafiyi, Hajiya?” Ga mata biyu suna zaɓen kifi a bayana, kunnuwa a buɗe. In ce, “Lafiya lau, yana gaishe ku.” In sayi manjan da ba na buƙata in fito. A bas in yi ta jin haushin kaina, in ce gobe, gobe kuma ta zo ta wuce.

Mutum ɗaya na faɗa wa gaskiya, tsohuwata. Ina goge mata baya ne maganar ta fito, don na san ba ta san kowa a cikinmu ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce in kawo takarda da biro. Ta rubuta wasiƙa da manyan haruffa masu karkacewa, cewa ta san ni, ni mutuniyar kirki ce, ƙanena kuwa ba ta taɓa ganinsa ba amma jinina ne. Da ta gama ta ce, “Wannan ba za ta isa ba. Ki je wajen mutanenki.”

Na ce, “Madam, ba ki san mutanena ba.”

Ta ce, “Na san nawa.”

Na shiga kicin na buga murfin tukunya da ƙarfi har ta zabura. Ranar ban yi mata sallama da kyau ba, abin da har yau yake damuna, don ba ta kai ƙarshen shekarar ba.

Wasiƙa biyu na aika wa avoka, tawa da ta tsohuwar. Ta kira ta ce, “Shi ke nan? Shekaru yana Lyon, mutum biyu kawai?” Na ce shi ke nan. Da ƙanena ya samu waya ya tambaye ni Alhaji fa, sai na ce, “Bai samu dama ba.” Na ji ya ja numfashi, ya ce, “To, Allah ya sa haka ya fi alheri.”

Aka zauna, aka yanke a mayar da shi. Ranar da wa'adinsa ya cika, daga ƙofar kaso aka wuce da shi inda ake tsare waɗanda za a kora, daga can sai jirgin Yamai. Ban samu ganinsa ba. Ban ce wasiƙu ashirin za su hana ba, Allah kaɗai ya sani, avoka ma ba ta taɓa yi mini alkawari ba. Amma abin da aka ce in kawo ban kawo ba.

Bayan mako biyu, ranar Asabar da hantsi, na shiga shagon Alhaji. Na shirya abin da zan ce, wai ƙanena ya yanke shawarar zama gida gaba ɗaya. Shagon ba kowa. Muka gaisa, na faɗi abin da na shirya. Alhaji ya dube ni, ya jawo mini kujera ya ce in zauna. Ya buɗe aljihun teburinsa ya ciro ambulan ya ajiye a gabana.

Takardar aiki ce, da hatimin shagon da sa hannunsa. A ƙarƙashinta wasiƙu biyar na dattawan masallacinmu, kowace da hoton katin mai ita, an maƙale da ƙaramin ƙarfe. Na duba ranar da aka rubuta su, tun kafin avoka ta kira ni ne.

Ya ce, “Tun makon farko muka sani. Wani ɗan garinmu yana wajen lokacin da aka kama shi. Na daɗe a ƙasar nan, na san takardun da suke nema, sai muka shirya muka ajiye.”

Na ce, “Alhaji, don girman Allah me ya hana ku kawo mini?”

Ya ce, “Hajiya, ke kika ce ya yi tafiya. Wa zai taka har gidanki ya ce miki ba haka ba ne? Ba mu san lauyarsa ba, ba mu san ranar zama ba. Na yi ta tambayarki labarinsa ko za ki ce wani abu.” Idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Mu ma mun yi kuskure. Mun tsaya kare fuskarki, yaron ya tafi.”

Na so in yi faɗa, don faɗa ne abin da na iya, amma ban ga wanda zan yi wa ba. Na ɗauki ambulan na fito. A tashar bas na zauna na kira lambar da ƙanena ya samu a Damagaram. Na ce ya saurara, na karanta masa takardar Alhaji, na karanta wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rubuta cewa ƙanena ne ya riƙa kai masa buhun shinkafa har hawa na shida lokacin da ya yi ciwon baya. Wannan ni ban ma sani ba.

Da na gama, ina jin kukan awaki a bayansa. Can ya ce, “Ashe ba su ƙi ni ba.”

Na ce, “Ba su ƙi ka ba.”

Sannan a hankali, ba tare da ɗaga murya ba, ya ce, “Yaya, ashe ba ki tambaya ba.”

Na ce, “Ban tambaya ba.”

Bas ya zo ya tsaya, mutane suka shiga, ya tafi. Ina zaune da wayar a kunne, shi bai kashe ba, ni ma ban kashe ba.