Ruwan Disamba a Kan Icen Baba Ɗalhatu

Baba Ɗalhatu mutumin Gaya ne, kuma in ka cire ice daga rayuwarsa ban san me zai saura ba. Faskare ya gada wurin ubansa, shi ya yi ta yi har ya haura hamsin, sannan ya sayar da 'yar gonarsa ya yi bizar Qatar. Ni Mu'azu, direba ne a gidan da aka kawo shi a Al Thumama, ɗakinmu ɗaya.

Da sunan mai gadi ya zo, amma gadin me? Ko'ina kyamara. Abin da ya riƙe shi shi ne kafil ɗinmu, wato tsohon maigidan da ya ɗauki nauyin bizarmu, wanda ba ya ƙaunar hita. In sanyi ya shigo, wutar ice yake so a majalisarsa, a ɗora gahawa, abokansa su kewaye. Ɗansa kuwa tun bara yake cewa a sallami Baba, tsohon yana cewa to wa zai kula masa da ice? Iƙamar Baba, wato takardar izinin zamansa, a Janairu za ta ƙare, dukkanmu mun san ice ne kaɗai zai sa a sabunta ta.

Aikin kam ya iya. Tun watan huɗu muka ɗauko ɗanyen ice mota guda. Ya faskare shi, ya jera a kan bulo a bayan gida, ya bar ƙofofin iska. In ya haɗa biyu ya buga, da kunne yake gane wanda ya bushe.

Da watan shida ya kama sai ya lulluɓe shi da tamfol, kamar yadda ake yi a gida in damina ta faɗi. Na ce, "Baba, wane ruwa a zafin nan?" Ya ce in kula da sitiyarina. Da Nuwamba ta zo, sanyi ya fara busawa, sai ya yaye tamfol ɗin ya naɗe.

"Baba, a nan fa da sanyi ake ruwa."

"Ruwa da ɗari? Haba ɗan nan! Bara ka ga ko ɗigo?"

Gaskiya bara yayyafi kawai aka yi. Ban nace ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Ranar wata Laraba a Disamba na ɗauke shi muka je cefane Abu Hamour. Muna can hadari ya haɗu, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Hanya ta cushe, awa uku kafin mu iso. Ya tsaya gaban icen, ruwa na zuba a kansa.

Jibi Juma'a, tsohon ya tara baƙi bayan la'asar. Baba ya zaƙulo na tsakiya, wai ko ruwa bai kai can ba. Ina! Wuta ta ƙi ci, sai hayaƙi. Tsohon dama ƙirjinsa ba lafiya, ya kama tari har ya kasa zama, ni na kai shi asibiti. A mota ɗansa ya ce kalma ɗaya, "Khalas," wato zaman Baba ya ƙare. Wannan karon tari bai bar tsohon ya kare shi ba.

Sati uku da suka rage masa, Baba bai roƙi kowa ba. Kullum da safe yana baza icen a rana, yana juya shi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da zan kai shi filin jirgi ya riƙe hannuna ya ce, "Mu'azu, ka riƙa juya shi. Nan da watan uku zai dawo daidai."

Na juya, wallahi, ina yi ina ƙwalla. Jiya na haɗa biyu na buga, suka yi ƙara tas, irin wadda yake so. An riga an sa hita huɗu a majalisa, kuma tun wancan makon aka kunna esi. Baba ya kira ni daga tashar Gaya, inda yake dako yanzu, ya tambaye ni ko ya bushe. Na ce ya bushe, Baba. Ya ce, "To, alhamdulillahi. Maigida ya gani?"