Neman Kawu a Ƙofar Kurkuku

Wankan jego ne ya kai ni Kuala Lumpur. 'Yata ta haihu, mijinta yana koyarwa a wata jami'a a can, na tafi da niyyar in yi arba'in in koma Kano. Ban gama sanin kan kicin ɗinta ba korona ta rufe duniya. Arba'in ta wuce, jaririya ta fara zama, ta fara rarrafe, ni kuwa ina nan a saman wani dogon bene a unguwar Cheras ina leƙen titi ta taga.

Kullum da la'asar ɗinmu, hantsin Kano ke nan, ƙanwata takan kira ta riƙe wa Inna waya mu gaisa. Inna ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, amma kunne da tunani garau. Yayanta namiji ɗaya ne tak, kuma a cikinmu ba wanda ya taɓa sa shi a ido. Tana ƙarama aka ce kowane dagaci ya kawo samari na yaƙin Boma, na garinsu ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa, ya nuna nasu. Da yaƙi ya ƙare waɗansu suka dawo da kaki da labari. Ɗaya ya ce rabonsa da Kawu tun ranar da Jafan suka yi musu ƙawanya a wani daji, kuma ya ji an ce kama shi aka yi. Daga wannan "an ce" ɗin ba a ƙara jin komai ba.

Shi ya sa Inna ba ta taɓa ce masa marigayi ba. In ta ba da sadakar waina ranar Juma'a takan ambaci mamatanta kaf ta tsallake shi. Wanda duk ya yi suɓul da baka ya ce Allah ya jiƙansa, sai ta tambaye shi ko shi ya yi masa wanka. Muna yara mukan ƙunshe dariya. Sai da na girma na gane ba sa rai take da shi ba. So take wani ya ce mata ya ga inda ya ƙare, ta samu bakin yi masa addu'ar mamaci kafin ita ma ta bi.

Surukina ne ya ɓallo ruwa. Mutumin kirki ne, ban raina shi ba, amma irin masu karatun nan ne da in ka tambaye su lokaci sai sun gaya maka yadda ake ƙera agogo. Ran nan ya zo gai da Inna a waya, ta tambaye shi ko ƙasar tasu kusa take da Boma. Ya ce duk yanki ɗaya ne, ya ƙara da cewa ai ko a cikin garin nan akwai wani tsohon kurkuku da Jafan suka tsare sojoji lokacin yaƙin. Ya faɗa ya wuce abinsa. Inna kuwa daga ranar ba ta da wata magana sai ta yaushe zan je.

Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na san Boma daban, Malesiya daban. Na san ba zan samu Kawu a can ba. Amma na ƙudurta a raina zan je in tsaya a wurin, in ce mata nan ne, in Allah ya kama ni da laifin ƙarya na ɗauka.

Da aka ɗan sassauta kulle muka shirya. Jaririya na zazzaɓin haƙori, uwarta ba ta iya fita, dole ni da surukina. A Kano ko tabarma ɗaya ba ma zama, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, sai ga mu a jirgin ƙasa ɗaya. Ya tsaya can bakin ƙofa, na zauna can ƙurya, kowa da takunkuminsa. Tun daga Cheras har Bukit Bintang abin da ya haɗa mu shi ne "Mama, nan za mu sauka." Sau biyu na buɗe baki in gaya masa abin da na shirya, kunya ta hana ni. Da wane baki zan ce wa mijin 'yata ƙarya zan yi wa uwata, ya rufa mini asiri?

Muka taka a ƙafa, yana gaba ina baya. Shaguna rabi a rufe, gidajen abincin Larabawa an kife kujeru a kan tebura. A hanya ina ta ƙiyasta abin da zan gani, domin na taɓa ganin irin wuraren nan na Turai a talabijin, da sunaye a jikin dutse, mutane na ajiye furanni suna share hawaye. Da muka isa ya nuna mini da hannu, na ce ina? Ƙofa ce kawai. An rushe kurkukun gaba ɗaya, an bar ƙofar tsaye ita kaɗai, a bayanta ana ta gina wata ƙatuwar kasuwar zamani. Ƙurar siminti, ƙarar injina, leburori baƙi suna wucewa da huluna masu tauri. Na matsa in taɓa bangon, mai gadi ya ɗaga hannu ya ce tak boleh, wato ba dama.

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban zata ba. Mutane sun sha yunwa a nan, sun mutu a nan, kowanne da mai jiransa a wani gari, amma an share wurin tas don a sayar da takalma da turare. In waɗanda aka san a nan suka mutu haka aka yi musu, ina ga ɗan talakan da aka ɗauko daga gonar gero?

Na kira ƙanwata, ta kai wa Inna waya. Na juya mata hoton ƙofar ko da yake na san duhu-duhu take gani.

"Inna, ga ni a wurin. Nan suka tsare su. Da yawansu a nan suka cika."

Ta gyara mayafinta, na ga leɓenta ya fara motsi, ta ɗaga tafin hannunta guda. Tunda nake ban taɓa ganin fuskarta ta saki haka ba. Sai na ji muryar surukina a bayana. Shi a ganinsa raɗa yake mini, amma takunkumi da ƙarar injina sun sa ya ɗaga murya.

"A'a Mama, actually ba a kawo namu nan ba fa. Turawa aka tsare a nan. Namu sai daga baya aka kai su Boma, kuma can ma da nisa."

Inna ta sauke hannu. Ta ce a ba shi wayar. Ta sa masa albarka da ya faɗi gaskiya, sannan ta tambaye shi, tunda shi ya sani, ina suka kai yayanta? Dakta guda, sai ga shi yana kallon takalminsa. Ya ce bai sani ba. Ta tambayi nisan, ya ce a jirgin sama ba ya kai wuni. Ta ce a mayar mini da wayar. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana.

"Ke, ai kusa ne. Tunda kin riga kin je, ki ƙarasa."

Na ce to.

A hanyar komawa ya tsaya ya yi mana tapau, wato ƙunshin abincin tafiya da shi gida, na shinkafa, ban ci ba. Da daddare 'yata ta shigo tana ba shi kariya, wai na san halinsa, ai da na gaya masa tun a gida. Na ce ta fita ta ba ni wuri. Haushinsa nake ji, da na dagacin da ya daɗe da zama ƙasa, da na Turawan da suka kwashi 'ya'yan mutane zuwa yaƙin da ba nasu ba suka kasa aiko da ko kalma ɗaya. Cikinsu duka surukina kaɗai ne a kusa, shi ya sha ɗaurin fuska har na bar ƙasar.

Daga nan duk kiran da za a yi sai Inna ta tambayi yaushe zan tashi. Ina ce mata an rufe iyaka, ko jihar da ke maƙwabtaka da mu ba a barin mutum ya shiga sai da izini. Takan ce to, Allah ya buɗe. Da damina ta kwanta ciwo. Na shiga neman jirgin komawa gida, yau a ce akwai, gobe a ce an soke. Ban samu ba har aka kai ta.

Bayan sadakar uku ƙanwata ta kira, muka yi kukanmu. Na tambaye ta ko Inna ta neme ni. Ta yi ta kwana-kwana, sai da na matsa mata. Ta ce ranar da jikin ya yi tsanani sun gaya mata ina ta neman jirgi, sai ta girgiza kai ta ce, "Ku ce mata kada ta dawo saboda ni. Ta ƙarasa."