Cajin da Bai Kai Mu Maƙabarta Ba

Shekara uku na yi ina tuƙa motar da ba ta zuwa ko'ina. Aikin digirina ke nan a Kuala Lumpur: a ɗora mota kan wasu manyan ƙarafa masu juyawa, in shiga in riƙa bin wani layi da ke tafiya a allo, in taka in saki yadda ya umarta, na'ura tana auna hayaƙi da mai, ko nisan da batir zai kai kafin ya mutu. A ɗakin nan babu gosulo, babu ruwan sama, ba a kunna na'urar sanyi. Abokina da muke ɗaki ɗaya a Titiwangsa ya sa mini suna direban tsaye, ni kuwa ina ji da kaina, don lissafina bai taɓa kuskurewa ba.

Shi ne ya rasu bayan jinyar kwana tara. Muka roƙi mutanen masallacin Kampung Baru su jinkirta, domin yayansa ya taso daga Kano. Suka yi mana kara har kwana biyu, suka ce bayan La'asar za a sallace shi a binne, ba ƙari.

Ni na ce zan ɗauko Yaya daga filin jirgi. Na ari motar lantarki ta wani Bamale, ɗan ƙasar, abokin aikina, irin wadda na gwada da hannuna. Ya nuna mini cajin, ya ce anya boleh, wato anya zai yiwu, in tsaya in ƙara mana. Na ce masa na fi allon motar sanin motar, rabin batir zai kai ni ya dawo da ni har da saura. Gaskiya ba sauri ne kawai ya hana ni ba, girman kai ne. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa sanin ne ya rufe mini ido.

A dawowa aka kece da ruwa, hanya ta cushe. Gilashi ya yi hazo, dole na kunna sanyi. Yaya yana gefena da carbi, bai san abin da nake kallo ba, ni kuwa ina ganin lambar tana zubewa kamar ruwa a kwando. Tun ban hango dogayen benayen gari ba motar ta fara jan ƙafa. Na lallaɓa zuwa wurin caji, muka tarar da motoci biyu a gabanmu. Na nemi tasi a waya, ruwan ya hana kowa karɓa. A nan muka ji kiran sallah.

Da muka isa maƙabarta an gama mai da ƙasa, mutane suna wanke hannu. Na so Yaya ya zage ni, ko ya ɗaga murya in samu sauƙi. Bai yi ba. Ya tambayi ina ne wajen kai, ya durƙusa cikin taɓo da fararen kayansa, ya daɗe yana addu'a.

Da ya miƙe sai ya kama hannuna.

"Allah ya saka da alheri, ƙanena, ka sha wahala," in ji shi. Sannan ya ce, "Umma ce ta ce in buɗe fuskarsa in duba mata ko ya rame. Tana jiran wayata. Kai da ka gan shi, me zan gaya mata?"